Kada a ɗaure kumbo da layin kamfani ɗaya

Tun lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar cewa daga watan Nuwamban 2024 ba za ta ƙara ɗora wani sabon aiki a kan taurarinta na ɗan'adam masu isar da saƙo ba, maganganu iri biyu nake ji, kuma dukansu suna ɓata mini rai. Wasu na cewa gwamnati ta yi gwanjon kunnenta da bakinta, ta miƙa wa 'yan kasuwa. Wasu kuma na cewa ai magana ta ƙare, a bar wa Starlink, tsarin intanet na taurarin ɗan'adam na kamfanin SpaceX, komai kowa ya huta. Masu magana ta farko suna kukan abin da ba zai dawo ba. Masu ta biyu kuma suna kiran wani haɗari da hannunsu ba tare da sun lura ba.

Ra'ayina shi ne NASA ta yi daidai da ta koma sayen sabis a wurin kamfanoni. Amma daidan yana da sharaɗi. Dole ne kumbon da za a harba ya tashi da na'urar sadarwa wadda za ta iya sauka daga layin wannan kamfani ta hau na wancan, ko ta koma na gwamnati, alhali yana can sama yana gudu. In babu wannan, ba a sami kasuwa ba, ubangida kawai aka sauya.

Inda maganar ta samo asali

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi ne kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, tana zagaye duniya cikin minti 90 ko kusa da haka. Eriyar da aka kafa a ƙasa ba ta ganinta sai na 'yan mintoci, sannan ta ɓace a bayan sararin. Kafin shekarun 1980, duk da tashoshin da NASA ta baza a nahiyoyi da tsibirai, ba ta iya magana da kumbonta sai a kimanin kashi 15 cikin ɗari na kowane zagaye. Sauran lokacin shiru ne.

Maganin da aka samo shi ne a ɗaga tashar sadarwar a kai ta sama. A watan Afrilun 1983 kumbon Challenger ya kai tauraro na farko na tsarin da ake kira TDRS. Waɗannan taurari suna zaune a nisan kusan kilomita 36,000, inda gudunsu yake daidai da juyawar duniya, don haka daga ƙasa kamar a tsaye suke. Kumbon da ke ƙasa da su yana tura saƙo sama, su kuma su cillo shi zuwa tashar White Sands da ke jihar New Mexico. Duk hoton da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka, ta wannan hanya yake saukowa. Wanda ya saba kallon bidiyon kai-tsaye daga tashar sararin samaniya ya san lokacin da hoton yake ɗaukewa na ɗan lokaci, allon ya koma babu komai, sannan ya dawo. Sau da yawa tashar ce ta fita daga idon wani tauraron TDRS tana jiran ta shiga idon na gaba.

An harba na ƙarshensu a watan Agustan 2017, kuma ba a shirin gina wani. A madadinsu, a watan Afrilun 2022 NASA ta raba dala miliyan 278.5 ga kamfanoni shida, wato SpaceX da Kuiper na Amazon da Viasat da Inmarsat da SES da Telesat, domin kowa ya nuna cewa taurarinsa za su iya ɗaukar wannan kaya.

Abin da ya sa nake ganin ƙaramar na'ura ta fi manyan kwangiloli muhimmanci

Mutumin da wayarsa ke ɗaukar layi biyu, in sabis ya ɗauke a ɗaya sai ya koma ɗayan, in kamfani ya tsawwala kuɗi sai ya jefar da layinsa ya sayi wani. Wannan ikon barin shi ne yake sa kamfanin waya ya ji tsoron mai saye. Kumbo ba shi da wannan gata. Da zarar roka ta tashi da shi, galibi babu mai zuwa ya buɗe bayansa ya canja masa komai. Rediyon da ya tashi da shi, da shi zai mutu.

Kuma kumbo yana daɗewa fiye da yadda ake zato. Hubble tun 1990 yake aiki. Kumbunan Voyager biyu tun 1977 suke tafiya suna aiko da saƙo. Kamfanonin sadarwar tauraron ɗan'adam kuwa, a duba tarihinsu. Iridium ya karye a 1999, bai daɗe da fara aiki ba. OneWeb da Intelsat duk sun je kotu neman kariya daga masu bin su bashi a 2020. Daga cikin kamfanoni shidan da NASA ta zaɓa, shekara guda kawai aka yi Viasat ya saye Inmarsat, shida suka koma biyar. A 2025 SES ya haɗiye Intelsat. Wanda zai gina kumbon da zai yi shekara ashirin yana aiki, ta yaya zai ɗaure shi da kamfanin da ba a san sunan da zai amsa ba nan da shekara biyar?

Shi ya sa gwajin da ake kira PExT ya fi jan hankalina a duk wannan lamari. Na'urar sadarwa ce da ɗakin bincike na APL a Jami'ar Johns Hopkins ya haɗa wa NASA, aka ɗora ta a kan wani ƙaramin kumbo na kamfanin York Space Systems, aka harba daga Vandenberg a jihar Kalifoniya a ranar 23 ga Yulin 2025. Aikinta ɗaya ne: ta yi magana da TDRS na gwamnati, ta sake shi ta kama taurarin SES, ta sake su ta kama na Viasat. Kuma ta yi.

A baki abin kamar mai sauƙi ne. A aikace ba haka ba ne. Dukansu a zangon rediyon da ake kira Ka suke magana, amma kowa da gefensa: TDRS yana sauraro ne a wajajen gigahaz 26, na kamfanoni kuma daga 27.5 zuwa 30. Rediyon da aka saba ɗora wa kumbo gefe ɗaya yake ji. Bayan haka kowane kamfani yana da salon da yake tsara siginarsa, don haka dole manhajar cikin na'urar ta iya sauya salo ba tare da an taɓa ƙarfe ba. Taurarin ma ba a wuri ɗaya suke ba. Na TDRS da na Viasat suna can ƙololuwa kamar a tsaye, na SES da ake kira O3b mPOWER suna kimanin kilomita 8,000 kuma suna tafiya, sai eriya ta riƙa bin su. Ga kuma gudu. An gina hanyoyin kamfanonin nan ne don jiragen sama da na ruwa da gidaje, sai ga abokin ciniki mai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, gudun da yake karkatar da zangon sigina, yake kuma tsallake yankin da tauraro ke haskawa cikin ƙanƙanin lokaci. Duk wannan sai an warware shi kafin saƙo ɗaya ya wuce.

Wannan wahalar ita ce kuɗin 'yanci, kuma a ganina ta cancanci a biya.

"A ba Starlink mana, ai ya fi kowa"

Ba na musun ƙarfinsa. Dubban taurari gare shi, fiye da na kowa nesa ba kusa ba. A watan Satumban 2024 'yan sama jannatin tafiyar Polaris Dawn suka haɗa kumbonsu na Dragon da taurarin Starlink ta hasken leza, suka yi hira ta bidiyo da mutanen ƙasa. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne, bai yi adalci ba.

Sai dai a tuna abin da ya faru kwana ɗaya tak bayan an harba PExT. A ranar 24 ga Yulin 2025 Starlink ya ɗauke kusan a duniya baki ɗaya na sama da awa biyu, kuma kamfanin da kansa ya ce matsalar daga manhajarsa ce. Mai kallon bidiyo a gida zai yi tsaki ya jira. Kumbon da ke shirin haɗewa da tasha, ko wanda aka hango wani tarkace na nufo shi ana son a ba shi umarnin kaucewa, awa biyu a wurinsa ta fi zagayen duniya guda.

Wannan ma matsalar inji ce, kowa na iya samunta. Wadda ta fi damuna ita ce ta mutum. A 2023 Elon Musk, shugaban SpaceX, ya faɗa da bakinsa cewa a shekarar da ta gabata ya ƙi amincewa a kunna Starlink a kusa da gaɓar Kirimiya lokacin da Yukiren ta nema. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan muhawara ce daban. Abin lura shi ne mutum ɗaya ne ya yanke hukuncin. A watan Yunin 2025 kuma, da rigima ta haɗa shi da Shugaba Trump, ya rubuta cewa kamfaninsa zai fara jingine kumbon Dragon, wanda a lokacin shi kaɗai ne abin hawan Amurka da ke kai mutane tashar sararin samaniya ya dawo da su. Ya janye maganar cikin sa'o'i, amma an riga an ji. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin dogaro da shi shi kaɗai ya zama kuskure. Da wani kamfanin ne ya kai wannan girma, da abin da zan faɗa ke nan.

NASA ma ta taɓa ɗanɗana irin wannan. Daga 2011, da aka ajiye kumbunan da ke zirga-zirga, har zuwa 2020, ba ta da hanyar kai ɗan sama jannati sama sai ta sayi kujera a Soyuz na Rasha, kuma kuɗin kujerar hawa ya yi ta yi. Darasin da ta ɗauka shi ne ta ba kamfanoni biyu, SpaceX da Boeing, kwangila. Da kumbon Starliner na Boeing ya samu matsala a 2024, 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams da suka tafi da niyyar 'yan kwanaki suka zauna har watan Maris na 2025, kuma Dragon ne ya dawo da su. Hukumar da ta ga amfanin abin hawa na biyu da idonta, bai kamata a ce sai an roƙe ta ta nemi layi na biyu ba.

"To gwamnati ta ci gaba da gina nata"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi a wurina, kuma akwai gefenta da na yarda da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma a dubi lissafin da idon basira. TDRS yana yi wa ayyuka 'yan ƙalilan hidima, kuma duk nauyin gina shi da harba shi da kula da shi a kan kasafin hukuma ɗaya yake. Kamfanoni kuwa suna raba nasu nauyin a kan miliyoyin masu biya, suna kuma sabunta taurarinsu a kai a kai saboda gasa ta tilasta musu. Duk dalar da NASA ta zuba wajen sake gina abin da ake sayarwa a kasuwa, an cire ta ne daga wani binciken da babu kamfanin da zai yi. Turai ma ba ta bi hanyar mallaka zalla ba. Tsarinta na EDRS, wanda tun 2016 yake sauko da hotunan taurarin Sentinel ta hasken leza, haɗin gwiwa ne tsakanin hukumar sararin samaniyar Turai, ESA, da kamfanin Airbus.

Inda nake tare da masu wannan ra'ayi shi ne a kan rayuka. Manyan bayanai, hotuna da bidiyo da sakamakon bincike, waɗannan a ba kamfanoni su ɗauka. Amma siririn layin da ake magana da 'yan sama jannati a lokacin gaggawa, da wanda ake tura wa kumbo umarni in ya rikice ya juya eriyarsa wani wuri, ina ganin bai kamata gwamnati ta wayi gari ba ta da nata ko kaɗan ba. Ba sai ta gina babban tsari kamar na da ba. Ta riƙe ɗan abin da zai isa a ji muryar mutum. Kuma wannan ɗan abin ba zai amfana ba sai kumbon yana iya juyowa ya kama shi. Ka ga mun sake dawowa kan na'urar da ke iya sauya layi.

"Ƙofofi da yawa, ɓarayi da yawa"

Masu harkar tsaro suna cewa duk layin da aka ƙara, an ƙara wa masu kutse hanya. Ba ƙarya suka yi ba. A ranar 24 ga Fabrairun 2022, ranar da Rasha ta shiga Yukiren, aka kai wa hanyar KA-SAT ta Viasat hari, dubban na'urorin masu amfani suka mutu, har injinan samar da lantarki daga iska kusan 5,800 a Jamus suka rasa hanyar da ake lura da su daga nesa.

Ni dai abin da na karanta a wannan labari akasin abin da suke nufi ne. Waɗanda suka fi shan wahala a ranar su ne waɗanda ba su da wani layin. Kariya daga kutse ba ta zuwa daga amincewa da mai ɗaukar saƙo. Tana zuwa ne daga kulle saƙon tun daga cikin kumbo, yadda babu mai buɗe shi sai ɗakin da ke sarrafa kumbon a ƙasa. In an yi haka, kamfani ɗan aike ne kawai ɗauke da abin da bai san cikinsa ba, kuma in an tare wannan ɗan aiken sai a ba wani.

Akwai kuma ƙorafin nauyi da kuɗi. Na'urar da ke jin zango mai faɗi ta fi tsada, ta fi cin wuta. Ga ɗan ƙaramin tauraron jami'a da zai yi shekara biyu ya ƙone, na yarda ba dole ba ne. Maganata a kan manyan ayyuka ce, masu cin ɗaruruwan miliyoyin daloli da masu ɗauke da mutane.

"Kamfanoni ba za su yarda ba"

Da son ransu, ba za su yarda ba. Babu ɗan kasuwar da ke son a sauƙaƙa wa abokin cinikinsa hanyar barinsa. Kowa zai so ya sayar maka da na'urarsa wadda ba ta jin kowa sai taurarinsa, ya ma rage maka kuɗinta don ka shiga. Amma wanda ke riƙe da kuɗi shi ke gindaya sharaɗi, kuma a wannan kasuwa gwamnatoci ne manyan masu saye. Hukumar SDA, mai samar wa rundunar sojin Amurka taurarin ɗan'adam, ta riga ta nuna hanya: ta fitar da ƙa'ida guda ta sadarwar leza, ta ce duk kamfanin da ke son ya gina mata tauraro sai na'urarsa ta iya magana da ta abokin hamayyarsa. Kamfanonin suka bi, don suna son kwangilar.

Kuma ba yau aka fara irin wannan ba. Tun 1982 hukumomin sararin samaniya na ƙasashe suka kafa kwamitin CCSDS domin su daidaita yadda ake tsara saƙonnin kumbo. Amfaninsa yana bayyane a duniyar Mars. Motocin binciken NASA da ke can, Curiosity da Perseverance, ba kasafai suke aiko da manyan bayanai kai-tsaye zuwa duniya ba. Suna jiran wani kumbo ya gifta ta samansu su miƙa masa. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar kaya mafi yawa shi ne Trace Gas Orbiter, wanda ba na Amurka ba ne, na Turai ne, amma yana ɗauke da rediyon Electra da NASA ta bayar. Motar da ke ƙasa ba ta tambayar tutar wanda ya zo wucewa. Abin da gwamnatoci suka iya yi a tsakaninsu a nisan miliyoyin kilomita, babu dalilin da zai sa ya gagara tsakanin gwamnati da kamfani a nan kusa da gida.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: ƙa'ida buɗaɗɗiya ba Amurka kaɗai take amfana ba. Sin tana da taurarinta na isar da saƙo da ake kira Tianlian, Rasha tana da Luch. Galibin ƙasashen da ke da tauraro ɗaya ko biyu ba su da irin wannan, kuma ba za su taɓa iya ginawa ba. Tauraronsu yana ɗaukar hoton ambaliya ko gobarar daji, sai ya riƙe shi har ya zagayo kan tasharsu ta ƙasa, wani lokaci bayan sa'o'i. In ƙa'idar a buɗe take, suna iya sayen mintoci a wurin wanda ya fi araha. In a rufe take, sai su zaɓi ubangida ɗaya tun ranar da ake zana tauraron.

Lokacin yanke hukunci yanzu ne

Abin da ke sa ni gaggawa shi ne ana kan zuba harsashin da za a daɗe a kai. A watan Satumban 2024 NASA ta ba kamfanin Intuitive Machines kwangilar kafa taurarin isar da saƙo a kewayen wata, wadda za ta iya kaiwa dala biliyan 4.82. ESA tana da nata shirin mai suna Moonlight. NASA da ESA da hukumar Japan, JAXA, suna rubuta ƙa'idar haɗin gwiwa da suka kira LunaNet. Rubutawa abu ɗaya ne, tilasta bi kuma wani abu ne. Ina son in ga an sa a cikin kowace kwangila, baƙi a kan fari, cewa kamfani zai buɗe salon siginarsa ga na'urar da ba tasa ba, da kuma wanda za a fara saurara in layi ya cunkushe ko yaƙi ya ɓarke. Kumbon bincike da ke raba tauraro da jiragen fasinja da rundunonin soji yana bukatar ya san matsayinsa a layi kafin ranar ta zo.

Hubble da tashar sararin samaniya ba za su amfana da komai daga wannan ba. An gina su ne don TDRS, kuma dole a ci gaba da lallaɓa tsofaffin taurarin har su gama aikinsu. Tashar dai ana shirin sauko da ita a wajajen 2030. Waɗanda za su gaje ta tashoshi ne na kamfanoni, kuma a yanzu haka injiniyoyinsu suke zaɓar rediyon da za a manna musu. Kamfanin Vast ya riga ya sanar cewa tasharsa ta Haven-1 za ta yi amfani da leza ta Starlink. Ba laifi ba ne, zaɓi ne mai kyau na layin farko. Amma NASA ce za ta biya kuɗin zaman 'yan sama jannatinta a irin waɗannan tashoshi, don haka tana da damar ta tambayi kowannensu wane ne layinsa na biyu, kuma ta ƙi sa hannu sai ta ga an gwada shi a sama yana aiki.